Yadda Ake Gane Mai Riƙon Yaro a Dokar Harajin Amurka Idan Iyaye Ba Sa Zaune Tare

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da mazauna Amurka suke shigar da takardun harajinsu, akwai gardamar da takan taso tsakanin iyayen da suka rabu, kuma 'yan uwanmu da ke zaune a can ba ta bar su a baya ba. Uba yana ganin shi ne mai ci da sha da sutura, saboda haka shi ya cancanci ya sa sunan yaro a takardarsa, uwa kuma tana ganin a gabanta yaron yake kwana yake tashi. Hukumar tara haraji ta tarayya, wato IRS, tana da nata ma'auni, kuma ma'aunin bai dogara da yawan kuɗin da mutum ya kashe ba, bai dogara da abin da al'adarmu ta tanada game da haƙƙin uba a kan ɗansa ba, bai ma dogara da sunan da alƙalin kotun iyali ya ba kowanensu ba. Abin da take ƙirgawa shi ne darare. Wanda yaron ya fi kwana a wurinsa cikin shekarar harajin, shi ne mai riƙo a idonta, ɗayan kuma shi ne marar riƙo, ko da kuwa shi yake ɗauke da nauyin gidajen biyu.

Maganar tana da nauyi ne saboda kuɗin da ke rataye da ita. Rangwamen haraji na yara ya kai dala 2,000 a kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 17 daga 2018 zuwa 2024, sannan ya hau zuwa dala 2,200 a shekarar haraji ta 2025. Ban da shi akwai tallafin masu ƙaramin albashi da ake kira EITC, da rangwamen kuɗin rainon yaro, da matsayin shugaban gida wanda yake rage wa mutum haraji fiye da matsayin marar aure. Mutum biyu ba sa neman rangwame iri ɗaya a kan yaro ɗaya a shekara ɗaya, don haka dole ne a san wanda doka ta ba.

Mataki na farko shi ne a tabbatar cewa yaron yana cikin waɗanda ake iya sawa a takarda tun asali. Dole ne ya kasance bai cika shekara 19 ba a ƙarshen shekarar, ko bai cika 24 ba idan ɗalibi ne na cikakken lokaci, sai dai idan yana da naƙasa ta dindindin, wadda ba ta da iyakar shekaru. Kada kuma ya zama shi ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa. Akwai wani sharaɗin da ya shafe mu ƙwarai: yaron ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mai zama a cikinta a idon dokar haraji, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Wannan yana nufin cewa uban da yake aiki a Niyok yana tura kuɗi duk wata ga 'ya'yansa da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi, alhali yaran ba 'yan ƙasar Amurka ba ne, ba zai iya sa su a takardarsa ba, komai yawan abin da yake turawa. Shi kuwa rangwamen yara yana buƙatar yaron ya mallaki lambar soshiyal sekyuriti, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka take ba mutum, kuma daga 2025 ana buƙatar wannan lambar ga mai neman rangwamen shi ma, ko aƙalla ga ɗaya daga cikin ma'aurata idan takardar haɗin gwiwa suka shigar.

Mataki na biyu shi ne a duba ko ƙa'ida ta musamman da aka tanada domin iyayen da suka rabu ta hau kanku. Tana aiki idan kotu ta raba auren, ko ta amince da zaman rabuwa, ko akwai rubutacciyar yarjejeniyar rabuwa, ko kuma iyayen ba su zauna gida ɗaya ba ko da kwana guda cikin watanni shida na ƙarshen shekara. Wannan na ƙarshen ya haɗa har da waɗanda ba su taɓa yin aure ba. Bayan haka, dole ne iyayen, a haɗe ko ɗayansu, su zama sun ɗauki fiye da rabin nauyin yaron, kuma yaron ya kasance a hannun ɗayansu ko dukansu fiye da rabin shekara. Idan wanda ya rabu ya sake aure, abin da sabon miji ko sabuwar mata ta kashe wa yaron ana lissafa shi a matsayin na mahaifin ko mahaifiyar da suke aure tare. Idan kuwa yaron ya shafe mafi yawan shekara a hannun kakarsa ko gwaggonsa, to wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba, sai a koma ga ƙa'idojin gama-gari.

A nan ya kamata a ɗan tsaya a kan maganar saki. Mutum yana iya rubuta wa matarsa takardar saki, ta yi idda ta gama, jama'ar masallaci duk su san auren ya mutu, amma idan auren yana cikin wanda dokar jiha ta amince da shi kuma kotu ba ta raba shi ba zuwa 31 ga Disamba, to a wurin IRS har yanzu ma'aurata ne. Ba za su shigar da takarda a matsayin marasa aure ba. Sauƙin da doka ta yi shi ne, wadda take riƙe da yaro tana iya samun matsayin shugaban gida idan mijin bai zauna a gidan ba cikin watanni shida na ƙarshen shekara, kuma ita ta biya fiye da rabin kuɗin tafiyar da gidan, kuma gidan shi ne mazaunin yaron fiye da rabin shekara. Haka yake ga uba idan shi ne yake riƙe da yaron.

Mataki na uku shi ne ƙirga dararen, kuma nan ne aikin yake. A ɗauko kalandar shekarar gaba ɗaya, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, a bi ta dare bayan dare, ana sa alama ɗaya ga uwa, wata ga uba. Abin da ake rubutawa shi ne inda yaron ya kwana a zahiri, ba inda jadawalin kotu ya ce ya kamata ya kwana ba. Idan takardar kotu ta ce a raba lokaci rabi da rabi, amma uba ya yi tafiya zuwa gida ya shafe wata uku, yaron yana wurin uwarsa, to dararen nan na uwa ne. Ana lissafa dare ga mahaifi idan yaron ya kwana a gidansa, ko yana nan ko ba ya nan, haka kuma idan sun kwana tare a wani wuri, kamar a otal lokacin tafiya ko a gidan dangi lokacin biki. Daren 31 ga Disamba na shekarar da ya fara a cikinta ne. Idan kuma a tsakiyar shekara aka rabu, ba a ƙirga watannin da kowa yake gida ɗaya, daga ranar rabuwa ake fara lissafi.

Ga misali na kusa. A ce yarinya tana zaune da mahaifiyarta, mahaifinta yana ɗaukarta ranar Juma'a bayan an tashi makaranta ya mayar da ita Lahadi da yamma, mako ɗaya a je mako ɗaya a tsallake. Kowace ziyara dare biyu ce, na Juma'a da na Asabar, ko da yake shi uban a ransa kwana uku yake ƙirgawa saboda ya gan ta Juma'a da Asabar da Lahadi. A lokacin dogon hutu tana yin mako shida cur a wurinsa, wato dare 42. Sauran shekarar tana da ziyara 23, wato dare 46. A ƙara dare huɗu na Sallah ƙarama da babba, jimilla ta zama 92. Uwa tana da 273. Ko da shi ne yake biyan kuɗin hayar gidan da suke ciki, da inshorar lafiya, da kuɗin Islamiyya, uwar ce mai riƙo a idon hukuma. Na san wannan yana yi wa iyaye maza da yawa ciwo, kuma ciwon yana da dalili, amma doka ta buɗe musu wata ƙofa da za a zo gare ta a gaba.

Inda lissafi yake tsanani shi ne wurin masu raba mako-mako. Mako 52 dare 364 ne, kowa ya samu 182, sai dare ɗaya ya rage a shekara mai kwana 365, kuma wannan dare guda shi yake yanke hukunci, domin mai 183 ya rinjayi mai 182. A shekara mai kwana 366, irin 2024 da 2028, ana iya yin kunnen doki, kowa da 183. Idan haka ta faru, wanda kuɗin shigarsa da aka daidaita ya fi yawa, wato adadin da ake kira AGI a Fom 1040, babbar takardar shigar da haraji, shi ne mai riƙo. Masu irin wannan tsari bai kamata su dogara da tunawa ba, gara a manna kalanda a jikin firji ko a buɗe ta a waya, a riƙa sa alama kullum da safe.

Akwai darare da yaron bai kwana wurin kowanensu ba. Idan ya kwana gidan abokinsa, ko wurin kakarsa, ko a sansanin hutu, ana ba wa wanda a bisa al'adar zamansu da a wurinsa zai kwana a daren. Yaron da aka saba raba masa mako-mako, idan ya tafi hutun mako shida wurin kakanninsa, mako uku na uwa ne, uku na uba. Idan ba za a iya tantance wanda daren ya faɗa wa ba, to ba a ba kowa. Amma idan uwa ta kwanta asibiti kwana goma, yaron ya koma gidan ubansa, dararen goman na uba ne, ko da sun faɗo cikin makonninta, saboda a gidansa yaron ya kwana.

Doka ta yi togiya ɗaya ga masu aikin dare, kuma ta dace da halin mutanenmu da yawa masu tuƙin tasi, da masu gadi, da masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. Idan saboda aikin dare yaron ya fi yin yini a wurin mahaifi ɗaya amma bai fi yin kwana a wurinsa ba, to mai aikin daren shi ake ɗauka mai riƙo. A ranakun makaranta kuma ana ɗaukar yaron yana zaune a adireshin da aka yi wa makaranta rajista da shi a matsayin babban mazauninsa. Shi ya sa adireshin da ke ofishin makaranta ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk wanda ya sauya gida ya kamata ya je ya gyara shi da wuri. Yaron da ya kai shekarun cin gashin kansa a dokar jiharsa, wanda a yawancin jihohi 18 ne, daga ranar ba a ɗaukarsa yana hannun kowa. Idan ya cika shekarun a watan Agusta, dararen da suka gabaci ranar kaɗai ake ƙirgawa, idan kuwa a watan Mayu ya cika, bai yi rabin shekara a hannun iyaye ba, don haka ƙa'idar ta musamman ta faɗi gaba ɗaya a shekarar.

Mataki na huɗu shi ne mai riƙo ya yanke shawara ko zai sa yaron a takardarsa, ko zai sakar wa ɗayan. Sakin ana yin sa ne da Fom 8332, takarda mai shafi ɗaya na cikewa da aka raba kashi uku. A sama ana rubuta sunan marar riƙo da lambarsa ta soshiyal sekyuriti. Kashi na farko na shekarar da ake ciki ne, inda mai riƙo yake rubuta sunan yaron da shekarar, ya sa hannu da lambarsa da kwanan wata. Kashi na biyu na shekaru masu zuwa ne, inda ake iya ambata wasu shekaru takamaimai, kamar a ce duk bayan shekara ɗaya, ko a ce dukan shekaru masu zuwa. Kashi na uku na janye sakin ne. Marar riƙo dole ya haɗa wannan takarda da takardar harajinsa a duk shekarar da ya sa yaron, idan kuma sakin na shekaru da yawa ne sai ya riƙa haɗa kwafinta kowace shekara. Mai shigarwa ta intanet yana iya liƙa hotonta a manhajar da ta ba da dama, ko ya aika da ita ta gidan waya tare da Fom 8453.

Shawarata ga mai riƙo ita ce ya riƙa sa hannu shekara-shekara, sai idan kotu ce ta umarce shi da wani abu daban. Dalili shi ne janyewa ba ta aiki nan take. Idan uwa ta cike kashi na uku ta ba uban sanarwa a 2025, janyewar ba za ta fara aiki ba sai a shekarar haraji ta 2026, kuma sai ta adana shaidar cewa ta isar masa da sanarwar ko ta yi iya ƙoƙarinta, ta kuma haɗa kwafin janyewar da takardarta. Haka nan sakin ba ya karɓar sharaɗi. Ba a rubuta cewa an saki yaron muddin uba ya biya kuɗin ciyarwa a kan lokaci, domin IRS ba ta shiga binciken wanda ya biya da wanda bai biya ba. Wadda take son ta ga an cika alkawarin ciyarwa kafin ta saki, hanyarta ita ce ta jira ƙarshen shekara kafin ta sa hannu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hukuncin kotu a matsayin abin da ya wadatar. Idan hukuncin ko yarjejeniyar ta fara aiki bayan 2008, ba a karɓar shafukanta a madadin Fom 8332, ko da alƙali ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa uba ne zai sa yaron a shekaru masu lamba mara. Waɗanda aka yi tsakanin 1985 da 2008 ne kaɗai ake iya haɗa shafukansu, su ma sai idan ba su ɗauke da sharaɗi kuma suna da sa hannun mai riƙo. Uban da kotu ta ba wannan haƙƙi amma uwa ta ƙi sa hannu, maganinsa yana kotun iyalin da ta yanke hukuncin, wadda take da ikon tilasta bin umarninta. Idan ya sa yaron ba tare da takardar ba, IRS za ta cire shi, kuma hukuncin kotun ba zai cece shi ba.

Mataki na biyar shi ne kowa ya san iyakar abin da ya samu, domin ba komai da komai Fom 8332 take ɗaukewa ta miƙa ba. Marar riƙo yana samun sa yaron a matsayin wanda yake ƙarƙashinsa, da rangwamen yara tare da ɓangarensa da ake mayarwa a hannu, ko kuma rangwamen dala 500 idan yaron ya wuce shekarun rangwamen yara. Matsayin shugaban gida, da EITC, da rangwamen kuɗin raino, duka suna nan wurin mai riƙo idan ya cika sharuɗɗansu, kuma babu yarjejeniya ko hukuncin kotu da zai iya mayar da su ga ɗayan. Wannan rabon yana ba iyaye masu fahimtar juna damar su zauna su yi lissafi. Idan uwa albashinta kaɗan ne har ba za ta ci moriyar rangwamen gaba ɗaya ba, uba kuma zai ci, sakin yana iya ƙara abin da yake shigowa gidajen biyu, ita kuma ba ta rasa EITC ɗinta ba. Masu yara biyu ko fiye suna iya sakin ɗaya su riƙe ɗaya, tunda kowane yaro da nasa lissafin darare. Kuɗin ciyarwa kuwa, mai biya ba ya cire shi daga harajinsa, mai karɓa ma ba ya biyan haraji a kansa, kuma biyansa ba ya ba mutum haƙƙin sa yaro a takarda.

Saura abin da za a yi idan duka biyun sun sa yaron. Wanda ya riga shigarwa ta intanet takardarsa takan wuce, ta na biyun kuma kwamfuta ta dawo da ita saboda an riga an yi amfani da lambar yaron. Riga shigarwa ba ya nufin mallakar haƙƙi. Mai riƙo na gaskiya kada ya cire yaron don kawai a karɓi takardarsa. Yana iya buga ta a takarda ya aika ta gidan waya, ko kuma, tun daga lokacin shigar da haraji na 2025, ya sake turawa ta intanet idan ya nemi lambar sirri ta kare kai da ake kira IP PIN daga IRS ya haɗa da ita. Bayan wani lokaci hukumar takan aika wa duka biyun wasiƙa mai lamba CP87A, tana neman wanda ya yi kuskure ya gyara da Fom 1040-X. Wanda ya tabbata yana kan daidai ba a buƙatar ya yi komai a wannan mataki. Idan babu wanda ya gyara, sai a buɗe bincike a nemi hujja daga kowa.

Hujjar da take aiki ita ce wadda wani na waje ya bayar kuma take ɗauke da sunan yaron da adireshi da kwanan wata: wasiƙar makaranta a kan takarda mai tambarinta, bayanan asibiti ko na likitan yara, takardar wurin raino, yarjejeniyar haya da ta ambaci yaron cikin mazauna gidan, ko wasiƙar masallaci ko coci a kan takardarsu ta hukuma. Kalandar da aka riƙa cikewa a lokacin, tare da saƙonnin waya na ɗauko yaro da mayar da shi, suna ƙarfafa waɗannan. Wanda bincike ya kayar zai mayar da kuɗin da ya karɓa tare da ruwa, ana iya ɗora masa tarar kashi 20 cikin ɗari na harajin da ya rage, kuma idan aka ga da gangan ya yi watsi da ƙa'ida ana iya hana shi waɗannan rangwamen shekara biyu, ko shekara goma idan zamba ce. Wanda aka taɓa hana wa rangwame sai ya cike Fom 8862 kafin ya sake nema. Mai cike wa mutane haraji da ya ce a sa yaron kawai ba abin da zai faru, ba shi zai biya ba, domin sa hannun da ke ƙasan takardar na mai harajin ne.

Wanda kuɗin ƙwararre ya fi ƙarfinsa yana iya zuwa cibiyoyin VITA, inda masu aikin sa kai da IRS ta horar suke cike wa masu ƙaramin ƙarfi haraji kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, idan kuma magana ta kai ga bincike akwai ofisoshin taimakon masu ƙaramin ƙarfi da ake kira LITC, waɗanda suke tsaya wa mutum kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, har da waɗanda Turanci bai zauna a bakinsu ba. A tafi da kalandar, da Fom 8332 idan akwai, da takardun makaranta da na asibiti, sannan a adana kwafin komai aƙalla shekara uku daga ranar da aka shigar da takardar, domin cikin wannan wa'adi ne hukumar take iya dawowa da tambaya.